Zubin roba: yadda ake ƙera kayan gyara, da abin da 'yan kasuwar Zangon Kumasi ya kamata su sani

Bokiti, kujerar biki, murfin kwalba, akwakun lemo da marfin fitilar babur duk hanya ɗaya suke biyowa kafin su iso kasuwar Kejetia ko shagunan Aboabo da Asawase. Ana narka roba, a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, ta huce, ta fito da siffar da ake so. Wannan shi ne zubin roba, wanda ake kira moulage par injection da Faransanci. Wasu masana'antu suna yin nasu kaya su sayar, wasu kuma suna karɓar aikin oda, wato mutum ya kawo samfuri ko zane a ƙera masa adadin da ya nema.

Asalin fasahar

A shekarar 1872 John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah suka yi wa injin zubi na farko rajista a Amurka. Injin nasu kamar babbar allurar asibiti yake, yana danna roba mai zafi cikin mazubi. A 1946 James Watson Hendry ya fito da injin da ke da murɗaɗɗiyar sandar ƙarfe a ciki, irin ta injin markaɗe, kuma a kan wannan tsari yawancin injunan yau suke.

Yadda aikin yake

Robar tana zuwa a buhu, ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa. Ana zuba ta a mazurari, sandar ta riƙa juyawa tana tura ta cikin bututu mai zafi, wanda ga irin robar bokiti yakan wuce digiri 200. Idan ta narke sai sandar ta harba ta cikin mazubi mai ɓari biyu. Injin yana matse ɓarin biyu da ƙarfin da ake aunawa da tan, don kada robar ta tsiyaye ta gefe. Ruwan sanyi da ke zagayawa a jikin mazubin shi ke daskarar da ita, sannan mazubin ya buɗe, kayan ya faɗo. Ƙaramin abu bai cika kai minti ɗaya ba.

Kalmar roba a Hausa ta haɗa abu biyu, kuma aikinsu ya bambanta. Roba mai tauri, wato filastik, sanyi ke daskarar da ita, kuma ana iya niƙa ta a sake narkawa. Roba mai talewa, irin ta taya da bushin mota, gasa ta ake yi da ƙibiritu a mazubi mai zafi, bisa dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Da zarar ta gasu ba ta sake narkewa.

Ba kowane kayan roba ake yi da zubi ba. Jarka da gorar ruwa hura su ake yi da iska, bututun famfo kuwa janyo shi ake yi a miƙe sannan a yanka.

Inda kuɗin yake

Mazubi shi ne jarin aikin. Ana sassaƙa shi daga dunƙulen ƙarfe ko alminiyam, aikin yana cin makonni, kuma mai oda ne ke biya tun kafin a zuba ko guda ɗaya. A ɗauki misali: idan mazubi ya ci sidi 100,000 aka zuba kaya 1,000 kacal, kowane guda ya ɗauki sidi 100 na kuɗin mazubi kaɗai. Idan aka zuba 100,000, kowane guda sidi ɗaya ya ɗauka. Shi ya sa masana'antu ke gindaya mafi ƙarancin adadin oda, kuma shi ya sa mai neman bushi ashirin na tsohuwar mota ba zai je wurinsu ba.

Suame Magazine

Wannan giɓi ne masu sana'ar hannu ke cikewa a Suame Magazine, matattarar kanikawa, masu walda da maƙera da ke arewacin birnin Kumasi. Sunan ya samo asali daga ma'ajiyar makaman Turawan mulkin mallaka, wadda a kusa da ita masu gyaran mota suka fara taruwa kafin a mayar da su Suame. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin mutum 200,000 ke cin abinci a wurin, cikinsu har da 'yan Zango da 'yan arewacin Ghana da dama.

A 1972 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah ta kafa cibiyar ba masu sana'a shawara, kuma a 1980 cibiyar ta buɗe wani reshe a cikin Suame mai suna ITTU, wanda ya yaɗa amfani da injunan feƙe ƙarfe da zubin ƙarfe. Daga wannan gwaji aka kafa shirin GRATIS a 1987 domin kai irin wannan aiki sauran jihohin ƙasar. A Suame ana feƙe bushi daga tsohuwar tayar babbar mota, ana kuma gyara sassan injuna. Manyan masana'antun roba kuwa sun fi yawa a Accra da Tema, kusa da tashar jiragen ruwa inda ƙwayar roba ke sauka.

Daga ina robar take zuwa

Ghana tana noman roba mai talewa a yammacin ƙasar, inda kamfanin Ghana Rubber Estates ke da gonaki, amma yawancin abin da ake samu ƙetare ake kai shi. Ƙwayar filastik kuwa shigo da ita ake yi da dala, don haka duk lokacin da sidi ya faɗi sai farashin bokiti ya tashi. A Najeriya kamfanin Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal yana sarrafa irin wannan ƙwaya. Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano kuma suna zuba takalma da kayan gida da ke kaiwa har Maraɗi da Damagaram.

Akwai kuma tsohuwar roba. Masu tsince-tsince da 'yan gwangwan, irin na Dagomba Line a Kumasi, suna cikin masu tara kayan da aka zubar. Fasassun kujeru da bokitai ana niƙa su a mayar cikin injin. Niƙaƙƙiyar roba ta fi araha, amma idan ta yi yawa a haɗi kayan yakan yi saurin tsagewa a rana.

Kafin a ba da oda

A fara duba alamar da ke gindin samfurin. Lamba 1 robar gorar ruwa ce, lamba 2 ta jarka, lamba 5 kuma ta bokiti da kujera. Ga roba mai talewa, a faɗa wa maƙerin inda za ta yi aiki: wadda ake kira naitirail tana jure mai da fetur, EPDM kuwa tana jure rana da ruwan zafi amma mai yana kumbura ta.

A rubuta a takarda wa ya mallaki mazubin bayan an gama aiki, domin wanda bai yi haka ba ba zai iya ɗauke shi zuwa wata masana'anta ba idan farashi ya canja. A nemi samfurin gwaji a ɗaura shi a mota ko injin kafin a saki sauran kuɗi, tunda roba tana ɗan tsukewa idan ta huce, kuma bambancin rabin milimita ya isa ya hana murfi rufuwa. A tambayi kashi nawa na haɗin niƙaƙƙiyar roba ne. Kayan da za su taɓa abinci ko ruwan sha, da sassan birki da na bututun gas, a tsaya a kan sabuwar roba, a kuma nemi shaidar hukumar kula da inganci ta Ghana ko takwararta ta ƙasar da za a kai kayan.