Daga 1.1 zuwa haruffa 40: yadda kiran tsohon aiki ya yi wuya

Masu rubuta manhaja sun daɗe suna kukan cewa zaɓo tsohuwar ajiya a Git aiki ne: sai mutum ya buɗe tarihin canje-canje, ya laluba, ya kwafo wani jerin haruffa da lambobi da ba ya zama a ka, sannan ya liƙa. Galibi ana ɗora laifin kan sakacin maƙera. Amma duk wanda ya bi sawun sana'ar zai ga cewa da gangan aka sayi wannan wahala, don a sami abin da ya fi ta.

Da can abin ba wuya. SCCS, wanda Marc Rochkind ya rubuta a Bell Labs a 1972, da RCS na Walter Tichy a 1982, suna ƙirga wa kowane fayil nasa: 1.1, 1.2, 1.3. CVS ya gaji wannan tsari har da aibinsa, domin gyara ɗaya da ya taɓa fayil goma sai ya watse cikin lambobi goma mabambanta. Subversion, wanda kamfanin CollabNet ya fara a 2000, shi ya ɗinke ɓarakar: lamba ɗaya ga aikin baki ɗaya, da ka ambace ta kowa ya gane. Sai dai sauƙin ya rataya ne a kan babbar kwamfuta guda da kowa ke kai wa aikinsa, kamar akawu ɗaya riƙe da littafin rasit.

Wannan akawun ne Linus Torvalds ya sallama da ya ƙirƙiro Git a Afrilun 2005, bayan masu gina Linux sun rasa damar amfani da BitKeeper kyauta. A Git kowa na riƙe da cikakken tarihi a kwamfutarsa, yana ajiya ko ba intanet, don haka babu mai raba lamba. Sai aka bi hanyar da manhajar Monotone ta share: lissafin SHA-1 ya fitar wa kowace ajiya suna mai haruffa 40 daga abin da ke cikinta da ajiyar da ta gabace ta. Ba mai iya taɓa tarihi a ɓoye sunan bai canza ba. Wani zai ce ai da an haɗa biyun. An gwada. Mercurial, wanda ya fito a wannan watan, yana ba da lamba mai sauƙi tare da dogon sunan, amma ajiya ta 200 a wurinka kan zama wata daban a wurin abokin aikinka, shi ya sa ake gargaɗin kada a aika wa wani da ita.

Abin da ya biyo baya faci ne kan faci. An taƙaita sunan zuwa haruffa 7, har tarihin Linux ya yi girman da sunaye suka fara cin karo, masu kula da shi suka koma 12, kuma a 2016 Git 2.11 ya fara auna tsawon da kansa. Akwai HEAD~3 don komawa baya taki uku, Mercurial kuma ya kawo ƙaramin harshen tambaya na tace ajiyoyi a 2010. Masu cewa waɗannan sun wadatar, ko kuma danna linzami a taga ya kashe magana, sun tsallake wani abu: da zarar an sake jera tarihi, sunan kowace ajiya da aka taɓa ya canza, wanda ka rubuta jiya ba ya nuna sabon aikin. Dalilin da manhajar Gerrit ke cusa lambar shaida a cikin bayanin ajiya ke nan. Jujutsu na Martin von Zweigbergk ya mai da wannan ginshiƙi: kowane canji na da suna na biyu da gyara ba ya taɓawa, kuma yana haska haruffan farko da suka isa a bambance shi, sau da yawa biyu ko uku kacal.