Wankin Ciki: Daga Cokalin Ƙarfe Zuwa Sirinjin Roba

 Wata baiwar Allah ta aiko mana da wasiƙa, ta ce ta yi ɓarin cikin wata uku, likita ya ce sai an yi mata wankin ciki, amma uwar mijinta ta hana, wai duk wadda aka kankare wa mahaifa ta gama haihuwa. Kwana tara ke nan, in ji ta, jini bai ɗauke ba. To, kafin komai, 'yar'uwa, a kai ki asibiti yau ɗin nan. Maganar Hajiya kuwa ba daga sama ta faɗo ba, tana da asali, kuma asalin nan za mu bi.

A katin asibiti za ki ga an rubuta haruffa biyu na Turanci, D da C. Na farko na nufin buɗa bakin mahaifa, na biyu kuma kankare abin da ya maƙale a cikinta. Babu ruwa, babu sabulu. Mu ne dai muka sa masa suna wanki. An fi yin sa idan an yi ɓari bai fita duka ba, ko guntun mabiyiya ya rage bayan haihuwa, ko kuma mace na yawan zubar jini ana son ɗebo ɗan abu daga bangon mahaifa a auna. Ɓari kuwa ba baƙon abu ba ne: kusan 15 cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa yakan zube.

Labarin ya faro ne a birnin Faris na ƙasar Faransa, wajen shekarun 1840, a hannun wani likita mai suna Joseph Récamier. Shi ne ya ƙera wani dogon ƙarfe mai kai kamar ƙaramin cokali, yana zura shi cikin mahaifa yana kankarowa. Ki tuna a lokacin ba a san ƙwayoyin cuta ba, ba a dafa kayan aiki, babu hoton ciki, likita lalube kawai yake yi a duhu. Mahaifar da ta ɗauki ciki kuwa taushi gare ta, ƙarfe na iya huda ta. An huda na wasu matan, wasu zazzaɓi ya kashe su, har likitoci da yawa na zamanin suka juya wa aikin baya.

Abubuwa uku ne suka dawo da shi. A 1846 aka nuna maganin sa barci lokacin tiyata a Amurka. A 1847 wani likita a birnin Biyana, Ignaz Semmelweis, ya tilasta wa ɗalibansa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, sai mace-macen masu jego ya ragu ƙwarai. Abin takaici, 'yan'uwansa likitoci ba su yarda da shi ba sai bayan ransa. A 1867 kuma Joseph Lister ya bayyana yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata. Daga nan, a 1879, Alfred Hegar na ƙasar Jamus ya fito da wasu sandunan ƙarfe masu santsi, kowanne ya ɗan fi na baya kauri, ana sa su ɗaya bayan ɗaya har bakin mahaifa ya buɗe a hankali. Har gobe da sunansa ake kiran su. Da haka aikin ya zama ruwan dare, ya ceci matan da da jini ko ruɓewar ragowar ciki ya tafi da su.

Sai dai duk abin da ya yi sauƙi, sai a wuce gona da iri. Aka shiga kankare mata a kan kowane irin ƙorafi. A 1948 wani likita a Isra'ila, Joseph Asherman, ya yi bayanin matan da aka kankare da ƙarfi, musamman jim kaɗan bayan haihuwa ko ɓari: bangon mahaifarsu ya ji rauni, ya warke a manne da juna, al'ada ta ragu ko ta ɗauke, ciki ya ƙi zama. Nan ne gaskiyar Hajiya take. Mai yiwuwa ta ga wadda hakan ta faru da ita. Amma ba kowace mace ba ce, kuma haɗarin na ƙaruwa ne da yawan maimaitawa.

A nan zan ɗan tsaya in yi ƙorafi. Akwai matan da ke zuwa da ƙafarsu suna roƙon a wanke musu mahaifa don su samu ciki, wai datti ne ya tare. Wallahi mahaifa ba tukunya ba ce da za a goge ƙanzo. Duk wata tana zubar da shimfiɗarta da kanta, shi ne jinin al'ada. Mai jinkirin haihuwa bincike take buƙata, ita da maigidan, domin kankarar da babu dalili tana iya jawo abin da ake gudu.

Mu koma tarihi. A 1958 wasu likitoci biyu a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka wallafa wata hanya ta daban: maimakon kankara, a zuƙo. A farkon shekarun 1970 wani Ba'amurke, Harvey Karman, ya samar da siririn bututun roba mai lanƙwasa wanda ba ya saurin huda mahaifa. Daga nan aka samu babban sirinjin hannu da ake kira MVA. Ba ya buƙatar wutar lantarki, sau da yawa ba sai an sa mace barci ba, allurar kashe zafi a bakin mahaifa ta wadatar, kuma ƙwararriyar ungozoma ta asibiti na iya yi cikin mintuna kaɗan. Ga mu da wuta ke yi wa wasan ɓuya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma ƙwayar misoprostol, wadda asalinta maganin gyambon ciki ce, aka gano tana sa mahaifa ta matse ta fitar da ragowar da kanta. A hannun ma'aikatan lafiya ake karɓar ta, ba a kemis ɗin bakin layi ba.

A babban taron duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994, ƙasashe suka amince cewa duk macen da ciki ya zube mata ta samu matsala, tana da haƙƙin a kula da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a jagorarta ta 2012 da ta 2022, ta ce a bar cokalin ƙarfe a koma zuƙowa ko ƙwaya. Don haka abin da muke kira wankin ciki a yau, a asibitoci da yawa ba shi ne wanda kakanninmu suka sani ba, suna ne kawai bai canza ba. Kina da damar tambaya: da me za a yi min? Ki kuma tambayi rukunin jininki, domin idan mai alamar nagatif ne, akwai allurar da likita kan ba da don kare cikin gaba.

Bayan an gama, za ki ga ɗan jini na wasu kwanaki, wani lokaci har mako biyu, da ciwon mara kaɗan. Kada a yi matsi ko a cusa wani haɗi, maigida kuma ya yi haƙuri har jini ya ɗauke. Al'ada kan dawo cikin mako 4 zuwa 6, amma ciki na iya shiga tun kafin ki gan ta. Idan kuwa kika ga kina jiƙa audugar mata biyu a awa guda, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jiri, ba a jiran gari ya waye. Mu da ba ma fita sai da izini, ya kamata a nemi izinin nan tun ana lafiya: Malam, in irin haka ta taso ba ka gida, wa zai kai ni? A ajiye kuɗin mota, a san maƙwabciyar da za ta riƙe yara.

Ke kuma mai wasiƙa, ki roƙi Hajiya ta raka ki, ta zauna a gaban likita ta yi tambayarta da bakinta, a nuna mata sirinjin ta gani. Allah Ya ba ki lafiya, Ya mayar miki da mai albarka. Sai mun ji daga gare ki.