Yarjejeniyar Chicago

Yarjejeniyar Chicago alƙawari ne da ƙasashe 52 suka rattaba wa hannu a Amurka ranar 7 ga Disamba, 1944, alhali Yaƙin Duniya na Biyu bai lafa ba, domin tsara sufurin jiragen sama na farar hula. Sashenta na farko ya tabbatar wa kowace daula cikakken iko bisa sararin samaniyarta, kuma yarjejeniyar ce asalin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama na farar hula ta duniya mai mazauni a Montreal.

Daga hukunce-hukuncen da suka biyo baya akwai wani mai hikima ƙwarai, wato galibi matuƙin da ya fuskanci gabas yakan riƙe tsayin da adadin dubban ƙafarsa mara ne, misali 35,000, mai nufin yamma kuwa cika, misali 36,000, saboda tazarar ƙafa 1,000 ta tsare su daga karo.