Zanga-zangar da aka yi da ƙafa

Mai sauraro, lokacin yaƙin Biyetnam samarin Amurka kan ƙone katin kiran soja a bainar jama'a, har a 1965 aka yi dokar ɗaurin shekara biyar a kai. Fastocinsu suna nan a gidajen tarihi.

Namu kakannin kuwa ba su buga takarda ba. Da Faransa ta matsa da ɗaukar soja dole, musamman a 1918 da Blaise Diagne ya tara mata mutum sama da 60,000 a Afirka ta Yamma, sai mutum ya kora dabbobinsa da dare ya tsallaka ƙasar da Ingila ke mulki. Wani ƙauyen ma kacokan yake tashi. Takardar da ta rage ta kwamanda ce, inda yake kukan an nemi samari an rasa.

Nan Sabha ma abin bai yi nisa ba. A yaƙin Chadi an kwashi 'yan makaranta da baƙi 'yan ci-rani aka sa musu kaki, sojan Libiya da yawa suka halaka a Wadi Dum a Maris 1987. Wa ya isa ya manna fasta a Mahdiya zamanin Gaddafi? In akwai hoton ɗan'uwa cikin kaki a akwatin gidanku, ku tambayi tsofaffi yadda aka tafi da shi.