Yabon Gwani: Waiwaye Kan Bukukuwan Karrama 'Yan Fim na Hausa

Gabatarwa

Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole. Tun zamanin da, sarakunanmu kan saka wa fasihi da riga da doki, wani lokaci har da naɗin sarauta, kamar ta Sarkin Makaɗa. Da zamani ya juya, jami'a ta karɓi wannan aiki, shi ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi yadda al'adar ta shiga harkar fim, da abin da ya rage mana a yau.

Mafari

Masana sun yi ittifaƙi cewa fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama ne a Kano a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. A 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, kuma a daidai wannan lokaci ne Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood. Da kasuwa ta buɗe, sai buƙatar tantance gwani ta taso. A farkon shekarun 2000 aka fara bikin Arewa Films Award, amma bai ɗore ba. A 2013 kamfanin MTN ya ɗauki nauyin bikin Kannywood Awards a Kano, shi ma bai zama abin da ake jira kowace shekara ba.

Yabo Daga Waje

A kudancin ƙasar nan lamarin ya bambanta. Marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa bikin AMAA, aka yi na farko a Yenagoa ta Jihar Bayelsa a 2005. A bikin 2007 fim ɗin Sitanda na Izu Ojukwu ya zama zakara, Ali Nuhu kuma ya sami kambun jarumi mai tasowa. Wannan ya shafe mu kai tsaye a nan Gombe, domin mahaifinsa ɗan Balanga ne. A 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Haka kuma bikin AMVCA, wanda aka fara a Legas a 2013, ya ware rukuni ga fina-finan Hausa.

Kammalawa

Idan muka duba da kyau, za mu ga cewa bukukuwanmu na gida sun dogara ne ga aljihun mai ɗaukar nauyi. Ranar da ya janye hannu, ranar biki ke mutuwa. Asarar kuwa ta wuce ta kofi da tafi. Jerin sunayen waɗanda suka ci kyauta a kowace shekara kundin tarihi ne, wanda da shi ne na baya za su san marubucin labari, da mai ɗaukar hoto, da mawaƙin da suka yi fice a zamaninsu. Jarumi fuskarsa na ajiye sunansa, amma na bayan fage ba shi da wani shaida sai wannan jeri. Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri da su bi tsofaffin mujallu, su zauna da dattawan sana'ar tun suna raye, su tattara mana waɗannan sunaye shekara bayan shekara.