Launukan dukawa da tarihinsu

Ƴan'uwa mutanen Cadakori, in kun shiga kasuwa ku tsaya rumfar baduku. Ku duba gafaka, da kube, da zabira. Babu hoton mutum ko na dabba a kansu, sai zane da launi. Amma ido ba ya gajiya da kallonsu. Wannan sani ne, kuma yana da tarihi.

Tushen aikin fata ne. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna saboda fatarta mai laushi da ƙarfi. Majemi yana jeme ta da bagaruwa, sannan a rina. Kakanninmu suna samun ja daga karan dafi, ɗorawa daga gangamau, baƙi daga kuloko wanda ake haɗawa da ƙarfe. Tsanwa kuwa daga tagulla take fitowa.

Baduku ba ya jera launi da ka. Ja shi ne uwar aiki, shi ke cin fili. Baƙi yana tsare iyaka. Tsanwa kaɗan ake sawa, don in ta zauna kusa da ja, kowanne sai ya ƙara haske. In launuka suka yi yawa, sai su yi kishi, aikin ya ɓaci.

A da, ayarin raƙuma yana ƙetare hamada da jar fatar ƙasar Hausa har bakin teku. Turawa suna saye a hannun Larabawa, suna ce mata fatar Maroko. A shekarar 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Kano. Ya rubuta labarin rini da takalman fata da ya gani can.

Su ma Turawa sun yi binciken launi. A 1839 wani Bafaranshe, Chevreul, shugaban marinar gwamnati a birnin Paris, ya fitar da littafi. Ya nuna cewa launi yana sauyawa a ido gwargwadon maƙwabcinsa. Wajen 1912 masu zane irin su Robert Delaunay suka bi maganarsa, suka riƙa zane da launi zalla. Abin da suka karanta a littafi, dukawanmu a hannun iyayensu suka koya.

Sai dai zamani ya kawo sauyi. A 1856 aka gano rinin masana'anta a Ingila. Sannu a hankali garin rini ya iso kasuwanninmu. Yana da sauƙi, ba a ƙi ba. Amma yaron da ya saba da shi ba zai san haɗin kuloko ba.

To, ga shi yanzu kun iya rubutu. Ku je wurin tsohon badukun garinku da alƙalami da takarda. Ku tambaye shi yadda yake haɗa kowane launi, da wanda yake ajewa kusa da wani. Ku rubuta, ku adana wa jikoki tun yana da rai.