Ina Takardun Ciwonmu Suke Zuwa?



Duk mai ƙaramin yaro a ƙasar nan ya san masu rabon maganin rigakafin masassara da damana. Su zo da rajista, su tambayi shekarun yaro, su ba shi ƙwaya ta farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, wata ya zagayo su komo. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da wannan tsari a watan Maris na 2012, kuma a damanar 2013 ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, tare da ma'aikatar lafiya suka soma shi a gundumomin Madawa, Buza, Magarya, Madarumfa da Gidan Runji, inda yara sama da 200,000 suka samu. Wato muna cikin na farko a Nijar. Amma tsofaffinmu suna da wata magana da suke yawan yi in sun ga mai rajista: kullum ana rubuta mu, ba mu taɓa ganin abin da anka rubuta ba. Gaskiyarsu ne. Yau sawun waɗannan takardu za mu bi.

Ƙidayar marasa lafiyarmu ta girmi kakanninmu da yawa. Tun 1905 likitocin Turawa suka rubuta labarin annobar sanƙarau a arewacin Najeriya. A ɓangarenmu na Faransa kuwa, likitocin soja ne ke riƙe da aikin, kuma abin da suka gani yakan ƙare a mujallu biyu: ta ƙungiyar masu nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da Alphonse Laveran ya kafa a Paris a 1908, da Médecine Tropicale ta makarantar likitocin soja da ke Marsai a lokacin. A 1963 wani daga cikinsu, Léon Lapeyssonnie, ya tattara rahotannin shekaru masu yawa ya fitar a mujallar OMS. Shi ne ya shata abin da har gobe ake kira zirin sanƙarau, wato yankin da ruwan samansa ke tsakanin milimita 300 da 1,100 a shekara, inda ciwon ke tashi da rani ya kwanta da faɗuwar ruwa. Adar da Gobir suna tsakiyarsa. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa sanƙarau ɗan bazara ne, amma takardar da ta tabbatar da hakan da lissafi a lokacin tana can ɗakunan karatu na Turai, da Faransanci, ba inda majo na ƙauye zai kai hannu.

Ko su likitocin can sun sha wuyar nema, don mujallu sun yi yawa, ba mai iya karance su. Saboda haka a 1879 wani likitan sojan Amurka, John Shaw Billings, ya soma buga Index Medicus, fihirisa mai jera sunayen maƙalun likitanci bisa ciwo da sunan marubuci. Littafi ne na takarda, ana bin sa shafi-shafi. A 1964 babban ɗakin karatun likitanci na Amurka ya zuba shi cikin kwamfuta, a 1971 aka buɗe MEDLINE da ake tambaya daga nesa. A shekarun ne mu kuma muka samu jami'a a Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, da makarantar likitanci a cikinta, sannan a 1978 aka kafa cibiyar CERMES don binciken sanƙarau da tsargiya. Masu bincike sun samu, sai dai kuɗin mujallu ya fi ƙarfin ɗakunan karatunmu. Ɗalibi ya ga sunan maƙala, ya rubuta wasiƙa zuwa ga marubucin yana roƙon kwafi, ya zauna jira wata da watanni.

In wani yana ganin wannan damuwar ƴan boko ce kawai, to ya saurari abin da ya faru a Laberiya. A 1982 wasu masu bincike Jamusawa suka buga a wata mujallar Turai cewa sun ga alamar ƙwayar Ebola a jinin mutanen Laberiya, har suka yi gargaɗi ma'aikatan lafiya su yi hattara. Ba ɗan ƙasar ko ɗaya cikin marubutan. Da annobar ta zo a 2014, mutane sama da 4,800 suka rasu a Laberiya kaɗai. A watan Afrilu na 2015 babbar jami'ar lafiya ta ƙasar, Bernice Dahn, da abokan aikinta suka rubuta a jaridar New York Times cewa sai daga baya suka ci karo da takardar, kuma ko ita sai an biya kuɗi ake buɗe ta. An ɗebi jinin mutane, an samu amsa, amsar ba ta koma gida ba shekara 32.

Ƙofa ta soma buɗewa ne a ƙarshen shekarun 1990. A watan Yuni na 1997 aka bar PubMed kyauta ga duk mai intanet, kuma yau tana ɗauke da sunayen maƙalu sama da miliyan 35, yawancinsu da taƙaitawa. A 1998 aka soma AJOL, rumbun mujallun Afirka, don da yawansu ba sa cikin fihirisar Amurka. Ofishin OMS na Afirka ma yana da nasa fihirisar. A 2000 PubMed Central ta zo da cikakkun maƙalu kyauta. Babbar nasarar ƙasashe irin tamu ita ce HINARI, da OMS ta buɗe a Janairun 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida da mujallu kusan 1,500. Nijar tana cikin ƙasashen da ba sa biyan ko dala. Amma a lura: ma'aikata ce ke yin rajista, jami'a ko asibiti ko cibiyar bincike, ba mutum shi kaɗai ba. Wanda ba shi da wannan mabuɗi, maƙala ɗaya sai ta ci shi dalar Amurka 30 ko 40, wajen jika ashirin ke nan. Wa zai bayar?

To me ke ciki game da mu? Wallahi da yawa, fiye da yadda muke zato. Lokacin yunwar 2005, MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, yawanci da abincin nan na gyaɗa da ke cikin leda, kuma abin da aka koya a nan yana cikin hujjojin da suka sa a 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yarda a riƙa jinyar irin waɗannan yara a gida. A 2005 mujallar Lancet ta buga gwajin da aka yi a Nijar da ya nuna allura ɗaya ta ceftriaxone tana aiki kan sanƙarau kamar tsohuwar allurar mai. A 2012 ita dai Lancet ta nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ta kuma danganta hakan da gidan sauro, yaƙi da tamowa da jinya kyauta ta mata masu ciki da yara. A 2017 New England Journal of Medicine ta fitar da gwajin cibiyar Epicentre ta Maraɗi kan jarirai sama da 3,500 a Madarumfa: rigakafin zawo mai jure zafi, da aka yi a Indiya, ya kare kusan biyu cikin uku daga zawo mai tsanani na ƙwayar rota. Uwayen ƙauye ne suka miƙa ƴaƴansu aka yi wannan aiki, yau ana amfani da rigakafin a wasu ƙasashe.

Wanda zai nema da kansa a salularsa, ga tarkon farko. In ka rubuta Niger kawai a PubMed, za ta cika maka fuska da maƙalu kan Aspergillus niger, wani baƙin hunhuna da ba ruwansa da mu, sai kuma na yankin Neja Delta. Dabara ita ce a haɗa sunan ciwo da Turanci da sunan gari yadda Faransawa ke rubuta shi: Madaoua, Bouza, Keita, Tahoua, Galmi. Madawa ko Tawa ba za su fito da abin da ake nema ba. A kuma danna wurin da ke tace maƙalun da ake karantawa kyauta. Mai Faransanci ya leƙa rumbun Horizon na cibiyar IRD, inda tsofaffin rahotannin zamanin ORSTOM suke, da shafin LASDEL ta Yamai, wadda tun 2001 take nazarin yadda ake karɓar maras lafiya a asibitocinmu da yadda jinya kyauta ke tafiya a zahiri, kuma rahotanninta kyauta ne.

Sai dai fa mu yi hattara. Maƙala ɗaya ba takardar magani ba ce, kuma akwai mujallun bogi da ke buga komai in an biya su. A duba ko mutum nawa aka gwada, a ina, an kwatanta da wasu ko ba a kwatanta ba, sannan a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba. Mu dai a ganinmu ko da haka ta fi muryar WhatsApp mai tallar magani guda na ciwo arba'in.

Shingen da ya rage shi ne harshe. An yi bincike a kan Bahaushiya da ɗanta, an rubuta da Turanci, a ƙasar da majo ya yi karatu da Faransanci. Ga kuma kundayen kammala karatu na ɗaliban likitanci a Yamai, Maraɗi da Damagaram, waɗanda PubMed ba ta san da su ba sam, alhali su ne suka fi kusa da asibitocinmu na jiha da gunduma. Ƴaƴanmu da ke waɗannan makarantu, duk wanda ya ci karo da takarda mai sunan Buza, Madawa ko Keita, ya turo mana sunanta da shekararta tare da taƙaitawa da Hausa, ko layi biyar ne, za mu sa a nan kafin masu rajista su komo da damana.